Ciwon ɓarin kai: alamominsa, abin da ke tayar da shi, da yadda ake rage shi

Ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migraine, cuta ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ke zuwa tana komawa. Kimanin mutum 1 cikin 7 a duniya na fama da ita. Ta fi kama mata, kusan ninki 3 na maza, kuma sau da yawa ana gadonta.

Alamomi

Ciwon yakan kama gefe ɗaya na kai yana bugawa kamar bugun zuciya, tsawon awa 4 zuwa 72 idan ba a sha magani ba. Yakan zo da tashin zuciya ko amai, haske da ƙara su dami mutum, motsi kuma ya ƙara shi. Wasu sukan ga walƙiya ko layuka masu lanƙwasa, ko su ji hannu ya yi sanyi kamar ya mutu, na minti 5 zuwa 60 kafin ciwon ya soma.

Abin da ke tayar da shi

Ƙarancin barci ko yawansa, tsallake abinci, damuwa, lokacin al'ada, ƙamshin turare mai ƙarfi, da ƙishirwa, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Wanda ya saba da shayi, kofi ko goro ya daina farat ɗaya, kamar a farkon azumi, shi ma ciwon na iya taso masa.

Abin da za a yi a gida

Da zarar ya soma, a kwanta a ɗaki mai duhu da shiru, a ɗora tsumma mai sanyi a goshi, a sha ruwa. Citta na rage tashin zuciya. Don rigakafi, a tsayar da lokacin barci da na abinci, a riƙa tafiya da ƙafa da safe ko yamma. Rubuta ranakun ciwon da abin da ya gabace shi na nuna wa mutum nasa dalilin.

Paracetamol ko ibuprofene sun fi aiki idan an sha da wuri. Amma shan su kwana 15 ko fiye a wata na mayar da ciwon na kullum. A guji tramol da ƙwayoyin ƴan talla. Mai ciki ta tambayi ungozoma ko likita tukuna.

Lokacin garzayawa asibiti

Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya na iya zama sanƙarau, wanda ke ɓulla a Nijar lokacin rani. Haka ma ciwon da ya faɗo nan take da tsanani, ko ya zo da shanyewar ɓarin jiki ko sarƙewar harshe, ko ya kama mai ciki, ko ya fara bayan shekara 50. Mace mai ganin walƙiyar nan ta sanar da ma'aikatan CSI kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, domin wasu nau'o'in na ƙara haɗarin shanyewar jiki.