Habeas Corpus: Ma'ana da Asalinsa

Ɗalibin da ke karanta jaridun Ingilishi zai riƙa cin karo da furucin habeas corpus, musamman idan ana batun wanda hukuma ta tsare. Kalmomin biyu na Latin ne. Corpus na nufin jiki. Habeas kuwa ya fito daga aikatau habere, wato mallaka ko riƙe abu, kuma yana cikin siga irin ta "ka zo", "ka kawo" a Hausa. Ma'anarsa ta zahiri ita ce "ka kasance da jikin". Jikin da ake nufi na mai rai ne, duk da cewa wasu kan ɗauka gawa ce.

Furucin ya samo asali ne daga kotunan Ingila, inda aka daɗe ana rubuta takardun shari'a da Latin, har zuwa 1733. Alƙalan sarki kan aika wa mai gidan yari takarda cewa ya kawo fursuna gabansu, ya kuma faɗi dalilin tsare shi. Daga kalmomin cikin takardar aka yi mata suna. Da farko dai hanya ce kawai ta kawo mutum kotu, ba a ɗauke ta garkuwar talaka ba.

Rikicin 1627 ne ya sauya mata matsayi. Sarki Charles na Ɗaya ya tsare wasu manya biyar da suka ƙi ba shi rancen dole. Suka nemi wannan takarda, aka amsa wa kotu cewa umarnin sarki ne, alƙalai suka mayar da su kurkuku. Majalisa ta fusata, ta yi ta jayayya da sarauta, har a 1679 aka kafa dokar da ta ƙayyade wa mai gidan yari kwanakin amsawa, tare da tara idan ya saɓa. A 1772 da wannan takarda aka hana fitar da bawan nan James Somerset daga Ingila don a sayar da shi a Jamaika.

Ghana ta gaji takardar daga Turawan mulki, amma gādo bai hana ta dushewa ba. A 1961 lauya J. B. Danquah ya nema wa Baffour Akoto ita, bayan an tsare shi bisa dokar 1958 ta gwamnatin Nkrumah. Kotun Ƙoli ta ƙi. Shi kansa Danquah a tsare ya rasu, a kurkukun Nsawam, cikin 1965.