Kafin kwamfuta, Nijar ta taɓa kai talabijin cikin aji

Tunda maganar saka kwamfuta a lakwal ta yi yawa a bakin iyaye, bari mu waiwaya baya kaɗan, don ƙasarmu ta riga ta gwada irin wannan abu tun zamanin Diori Hamani.

A 1964, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai, gwamnati da taimakon Faransa ta buɗe talabijin ta makaranta a Yamai, wadda ake kira Télé-Niger. Dalili a fili yake: yara birjik, malamai 'yan ƙalilan. Sai aka ce ƙwararru su shirya darasi a Yamai, akwati ya kai shi aji. Wanda ke tsaye gaban yara kuwa ba cikakken mushe ba ne, saurayi ne da ya gama firamare aka yi masa horo na 'yan watanni. Zuwa 1966 an kai aji 22, yara wajen 800, a Yamai da ƙauyukan kewayenta. Inda babu wutar lantarki aka fara da batir, daga baya aka gwada faifan hasken rana, tun duniya ba ta saba da shi ba.

Kuma abin ya yi amfani, kar a raina. Yaran sun iya faransanci da baki, ba sa tsoron magana, kuma ba su cika gudun makaranta ba. Baƙi daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo.

To ina aka samu cikas? Kuɗi da ƙwararru yawanci daga waje suke, kuma tsadar shirya darasi ta yi wa yara 800 yawa. Malaman lakwal na asali suna kallon tsarin a matsayin kishiya, ga shi hanyar koyarwarsa ta bambanta da wadda ake jarrabawa a kanta. Darussan kuma da faransanci ne, ba hausa ba zabarmanci. An ƙara yawan azuzuwa a shekarun 1970, amma daga ƙarshe aka naɗe tabarmar shirin, talabijin ta koma ta kowa da kowa, wato Télé Sahel.

Wani gwajin ya fi kusa da mu. A 2009 da 2010, a jihohin Dosso da Damagaram, shirin ABC na ƙungiyar CRS ya haɗa yaƙi da jahilci da wayar salula, manya suna koyon rubuta saƙo da harshensu. Ƙauyukan da aka ba waya sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi. Sai dai a lura, malami yana nan zaune tare da su, wayar ƙari ce a kan aikinsa. A Najeriya kuwa, da aka raba wa 'yan firamaren Galadima ta Abuja ƙananan kwamfutoci a 2007, ba a jima ba labari ya fito cewa wasu yara na buɗe hotunan batsa, sai da aka sa matattara.

Yau Abala na ɗauke da 'yan gudun hijirar Mali tun 2012, kuma rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi. Yaron da aka rufe lakwal ɗinsu, darasi a waya ko kwamfutar hannu zai iya hana shi manta karatu, wannan ba gardama. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai intanet ƙauyukan Nijar. A ganina, duk ranar da kayan suka iso garinmu, kwamitin iyaye ya tambayi masu kawowa tun a taron farko: wa zai yi caji, wa zai gyara in ƙura ta kashe na'ura, da wane harshe darasin yake, kuma wane malami aka horar ya zauna da yaran. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne, Abala kuwa ta fi haka nisa, kuma wanda kwamfutarsa ta taɓa lalacewa ya san kuɗin motar kai ta gyara.