Muhammadu Bello da Taurarin Kwarin Rima

A watan Maris na 1824, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shimfiɗa taswirar taurari a gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato. Wataƙila ya zaci abin zai zame wa Sarki baƙo. Ina! Ashe Bello ya san buruji 12 ɗin kaf, yana kuma kiran taurari da dama da sunayensu na Larabci.

Bellon nan shi ya kafa ribaɗin Wurno a kwarin Rima, can kuma aka binne shi a 1837.

Ilimin bai tsaya a fada ba. Daga Wurno zuwa Rabah da Goronyo, malaman zaure sun daɗe suna riƙe da lissafin taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabaha mai 14, jimilla 365. Da shi manomi ke kirdadon saukar damina da shigowar ɗari, tun ba a san hasashen rediyo ba. Tauraron da malam ke kira Surayya, shi ne tsohuwa ke nuna wa jikoki a tsakar gida ta ce ga Kaza da 'Ya'yanta, su kuwa suna ta gardamar 'yan tsakin shida ne ko bakwai.