Daga Maƙera Zuwa Shagon Walda

Kafin wutar lantarki ta iso ƙasar Hausa, haɗa ƙarfe da ƙarfe aikin maƙeran baƙi ne, wato masu sarrafa baƙin ƙarfe, waɗanda aka bambanta su da maƙeran fari masu ƙera kayan ado na azurfa da tagulla. Maƙeri yakan cusa bakunan ƙarafa biyu cikin garwashi, yaronsa yana zuga wuta da zugazugi har su yi fari suna tartsatsi, sannan ya ciro su da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera ya yi ta dukansu da masaba har su zama abu guda. Sana'ar ta gado ce, tana da sarautarta ta Sarkin Maƙera, tana kuma da wasan wuta da maƙera ke yi a bainar jama'a don nuna cewa zafin ƙarfe ba ya cin ɗan gado. Isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauya tushen sana'ar, domin tsofaffin ƙarafan jirgi da na motoci sun yawaita har narkar da tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, ya yi ta ja da baya, kamar yadda Philip Jaggar ya nuna a littafinsa na 1994 kan maƙeran birnin Kano.

Ita kuwa walda ta lantarki a Turai aka haife ta. A farkon ƙarni na 19 masana irin su Humphry Davy a Ingila da Vasily Petrov a Rasha suka gano cewa idan aka kusanto da bakunan gawayi biyu masu ɗauke da lantarki, wani harshen wuta mai tsananin haske da zafi yakan tsallaka tsakaninsu. A shekarun 1880 Nikolai Benardos ya yi amfani da wannan harshen wajen narka ƙarfe, a 1888 kuma Nikolai Slavyanov ya maye gurbin gawayin da sandar ƙarfe wadda ita kanta take narkewa ta cike gurbin da ake son haɗawa. Sai dai ɗinkin tsirarar sanda yakan fito da ramuka kuma ya yi saurin karyewa, saboda iska tana shiga narkakken ƙarfen, kuma ba a shawo kan wannan matsala ba sai da Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904, ya ƙirƙiro sanda mai rufi. Rufin nan yana ƙonewa ya ba da hayaƙin da ke kare ɗinkin, ya kuma bar ɓawon da mai walda ke ƙwanƙwashewa da guduma bayan ya gama. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya gama tabbatar da fasahar, lokacin da Amurka ta haɗa jiragen ruwan dakon kaya sama da 2,700 samfurin Liberty da walda maimakon ƙusoshin da aka saba.

A Arewacin Nijeriya sana'ar ta bi sawun wayar lantarki ne. Madatsar ruwa ta Kainji ta kammala a 1968, aka kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA a 1972, arzikin man fetur na shekarun nan kuma ya kawo gidajen siminti masu buƙatar ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, ga motocin haya da tankunan ruwa da injinan niƙa masu neman gyara kullum. Kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka zama cibiyoyin ƙarfe, kuma tun da walda ba ta da shingen gado irin na ƙira, duk yaron da aka kai wurin maigida ya yi 'yan shekaru yana miƙa sanda yana kankare ɗinki zai iya buɗe nasa shagon.

Injin da ya ɗauki nauyin wannan bunƙasa shi ne tiransifoma, kuma da yawa daga cikinsu a gida ake naɗa su da hannu, da wayar tagulla ko ta alminiyom, a girke cikin katako ko a tsoma cikin mai don rage zafi. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar gida mai ƙarfin turi kimanin bolt 230 ya sauko da ita ƙasa, ya kuma ƙara yawan kwararar wutar, wanda ake aunawa da amfiya, zuwa ɗari ko fiye, gwargwadon abin da sanda mai kaurin milimita 3.2 ke buƙata. A nan ne haɗarin da maƙeri bai taɓa sani ba ya shigo. Lokacin da ake cikin ɗinki ƙarfin turin da ke bakin sanda ba ya wuce bolt 20 zuwa 40, amma da zarar an ɗaga sanda, injin na kunne ba ya aiki, sai ya haura zuwa tsakanin 50 da 80, wanda ke nufin cewa lokacin sauya sanda, da mutane ke ɗauka lokacin hutu ne, ya fi lokacin aikin kansa haɗari. Busasshiyar fata tana tare mafi yawan wannan wuta, amma fatar da ta jiƙe da gumin bazara ko ruwan damina juriyarta takan faɗi ƙasa warwas, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba ya isa ya rikita bugun zuciya. Wanda ke tsugune cikin tanki da jiƙaƙƙiyar riga, ko yake tsaye da silifa kan danshi yana cusa sanda a mariƙi da tsirarar hannu, ya mai da jikinsa hanyar da wutar za ta bi ta koma. Wutar tiransifoma, mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ta fi mai tafiya hanya ɗaya muni, domin takan ƙanƙame tsokar hannu har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. A injin naɗin gida akwai ƙarin matsala: idan rufin waya ya cinye tsakanin naɗin shiga da na fita, cikakkiyar wutar gida ce za ta bayyana a mariƙin.

Ƙaramin injin zamani da ake kira inbata, wanda kamfanin Kemppi na ƙasar Finlan ya fara fitarwa a 1977, ya yaɗu a shagunan Arewa bayan da masana'antun Sin suka karya farashinsa. Ana rataya shi a kafaɗa a hau saman gini da shi, yana fitar da wuta mai tafiya hanya ɗaya, kuma ba ya cin wuta kamar tiransifoma, abin da ya dace da sana'ar da ake yawan yin aikinta kan janareto. Gwanayen sana'ar ba sa tsayawa ga adadin amfiyar da aka rubuta da manyan lambobi a jikinsa, wanda sau da yawa akwai zuƙi a ciki. Abin da suke dubawa shi ne juriyar aiki, wato yawan mintunan da injin zai yi yana ɗinki cikin kowane minti 10 kafin ya nemi hucewa, ta yadda kashi 60 ke nufin minti 6 na aiki da 4 na hutu. Wasu samfuran suna da na'urar da ke sauke ƙarfin turin bakin sanda da zarar an daina ɗinki, kuma ita ce kariya mafi amfani ga mai aiki cikin tanki ko a wuri mai danshi, ko da yake ba ta ɗauke wa kowa sa busasshiyar safar hannu ta fata, da takalmi mai kaurin roba, da maƙala wayar komowa kusa da wurin ɗinki ba. Rauninsa shi ne ƙurar hunturu da hawa da saukar wuta suna ƙona kayan cikinsa, gyaransa kuma sai mai ilimin lantarki, shi ya sa shaguna da dama har yau suke ajiye tsohuwar tiransifoma a lungu don manyan ayyukan ƙofofi da tankuna.