Shin Lafiyayyar Hantsar Saniya Gidan Bakteriya Ce? Sake Duba Hujjar DNA a Binciken Madara

Tsakure

Maƙalar ta auna iƙirarin da ke cewa a cikin hantsar saniya mai lafiya akwai bakteriya mazauna, kuma rikicewar zamansu ce ke jawo ciwon hantsa. Ta nuna cewa da yawa daga cikin jinsunan da aka dogara da su, su ne aka sani da gurɓata sinadaran gwaji.

Gabatarwa

Tun 1887 da Nocard da Mollereau suka bayyana ƙwayar da yau ake kira Streptococcus agalactiae, likitocin dabbobi sun tafi a kan cewa ciwon hantsa daga waje yake shiga ta ƙofar kan nono. Wasu ƙwayoyin, kamar Staphylococcus aureus, hannun mai tatsa ko bakin inji ne ke ɗaukarsu daga wannan saniya zuwa waccan. Wasu kuma, kamar Escherichia coli, a kashi da makwanci suke. A kan wannan fahimta aka gina tsarin matakai biyar na yaƙi da ciwon hantsa a Ingila a shekarun 1960, wanda ya rage cutar ƙwarai.

Waiwaye

Oikonomou da abokan aikinsa na Jami'ar Cornell (2012) sun karanta DNA ɗin da ke cikin madara maimakon renon ƙwayoyi a faranti, sai suka ga jinsuna masu ɗimbin yawa, har a madarar da ba ta da alamar ciwo. Kuehn da abokan aiki (2013) sun bi sahu. Daga nan batun ya yaɗu, har wasu suka aro ra'ayin masu nazarin nonon mata cewa bakteriya na tasowa daga hanji su isa hantsa ta ciki. Rainard (2017) daga Faransa ya ƙalubalanci wannan tafiya, kuma ɓangarensa wannan maƙala ta ɗauka. Abin mamaki, rubuce-rubuce da dama kan ambace shi a jimla guda su wuce, ba tare da amsa hujjojinsa ba.

Hanyar Bincike

Nazarin na ɗakin karatu ne. An kwatanta jinsunan da Kuehn ta ruwaito da jerin masu gurɓata sinadaran gwaji da Salter da abokan aikinta (2014) suka wallafa.

Sakamako da Tattaunawa

Salter ta ɗauki tsantsar Salmonella bongori, ta yi ta sirka ta kashi ɗaya cikin goma har sau biyar, aka gwada samfuran a ɗakunan gwaji uku na Ingila. Da yake jinsi ɗaya aka zuba, jinsi ɗaya ya kamata a gani. Amma ana ƙara sirkawa, baƙin jinsuna na ƙara bayyana, har a sirki na ƙarshe, inda ƙwayoyin ba su wuce kimanin 1,000 ba, baƙin suka rinjayi ainihin abin da aka zuba. Daga ruwa da sinadaran ciro DNA suka fito.

Ga inda gizo ke saƙa. Kuehn ta ruwaito Ralstonia da Pseudomonas a madarar lafiyayyun sassan hantsa, ta ruwaito Sphingomonas da Burkholderia a sassan da ke ciwo. Dukkan huɗun suna cikin jerin Salter. Jinsunan ruwa da ƙasa ne, kuma madarar da aka tatsa da tsafta daga lafiyayyar hantsa, irin samfurin nan ne mai ƙarancin ƙwayoyi wanda gurɓata ke danne shi. Wannan bai tabbatar da cewa duk abin da aka gani gurɓata ne ba, amma ya mayar da nauyin kawo hujja kan masu iƙirarin. Ban da haka, DNA ba ya bambance rayayyar ƙwaya da matacciya. Sawu a bakin rafi ba ya nuna cewa garken na nan.

Sai hanyar fitar madarar. Duk yadda aka goge kan nono da audugar sifirit aka zubar da tatsar farko, tilas madara ta ratsa ƙofar da bakteriya ke zaune a cikinta. A rugagen Bunaji da Bokolo matsalar ta ninka, domin sai an saki maraƙi ya fara tsotsa kafin uwar ta sako madara, sannan a janye shi a tara ƙwarya. Yawun maraƙi da tafin mai tatsa duk sun riga sun taɓa kan nonon.

Ita kanta hantsar shaida ce. A gwaje-gwaje, ƙwayoyin Staphylococcus aureus ƙasa da 100 sun isa su tayar da ciwo, kuma ko Lactococcus lactis, da ake haɗa cuku da ita, in aka ɗura ta sai fararen ƙwayoyin jini sun yi ambaliya cikin madara. Gaɓar da ke mayar da martani haka, ta yaya za ta riƙe ɗaruruwan jinsuna, adadin ƙwayoyin jikin da ke madararta kuma ya zauna ƙasa da 200,000 a kowace mililita? Don haka ga likitan da ke fili, gwajin Kalifoniya na gano ciwon hantsa na Schalm da Noorlander (1957) da renon faranti har yanzu su ne madogara kafin a ɗura maganin kashe ƙwayoyi.

Iyakokin Binciken

Ba a ɗebi sabon samfur ba, kuma kwatancin ya tsaya a matakin jinsi. Haka nan faranti ma yana da nasa gazawar, tunda kaso mai tsoka na madarar shanu masu ciwo ba ya tsirar da komai, gwajin DNA kuwa kan gano sanannun masu jawo ciwon a wasu daga ciki. Wannan amfani ne na gano cuta, bai shafi tambayar mazauna ba. Mai son warware waccan sai ya zuƙo madara da allura ba ta ƙofar nono ba, ya gwada sinadaransa su kaɗai a gefe, sannan ya rayar da ƙwayar da ya ce ya gani.