Masu Tsaron Ƙofar SAP: Yadda Aka Faro Rabon Ma'aikata a Kan Injuna

Kafin 1992, ma'aikacin da ke aiki da manhajar SAP ba ya tambayar ta ina zai shiga, domin ƙofar guda ce. Tsofaffin ma'aikatan IBM biyar ne suka kafa kamfanin a Jamus a 1972: Dietmar Hopp, Hasso Plattner, Klaus Tschira, Claus Wellenreuther da Hans-Werner Hector. Manhajar da ta fito da sunansu ita ce R/2 ta 1979, wadda ke zaune cikin ƙatuwar kwamfuta ɗaya, irin wadda ake ware wa ɗaki mai sanyi ita kaɗai. Allon da ke gaban akawu nuni kawai yake yi, lissafin duk can ciki ake yin sa. In aiki ya fi ƙarfin injin, sai a sayo wanda ya fi shi, daga IBM ko Siemens, da kuɗin da sai manyan kamfanoni ke iya biya.

Sana'ata, wadda muke kira Basis, ta sami siffarta ta yanzu ne da zuwan R/3. Da fari an tsara manhajar don injin AS/400 na IBM, sai injin ya gaza ɗaukar nauyinta, aka karkata zuwa injunan Unix. An nuna ta a bajekolin CeBIT na birnin Hanover a 1991, ta shiga kasuwa a 1992. Abin da ta zo da shi shi ne raba aiki hawa uku. A ƙasa akwai rumbun bayanai guda ɗaya. A sama akwai SAP GUI, tagar da ke kan kwamfutar ma'aikaci. A tsakiya kuma akwai injunan da ke yin ainihin aikin, su lissafa albashi, su buga rasit, su rage kaya daga sito. Waɗannan na tsakiya ana iya ƙara su: yau biyu, baɗi huɗu. Kamfanin da bai isa sayen ƙatuwar kwamfuta ba ya samu hanyar girma sannu a hankali.

Sai dai da injuna suka yawaita, tambayar da ba a taɓa yi ba ta taso: wa zai shiga ina?

Amsa mafi sauƙi ita ce a rubuta wa kowa sunan injinsa a kwamfutarsa. Na tarar da ragowar wannan al'ada a wani kamfanin sarrafa kaya da na yi wa aiki. Duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, sai a kwafo masa saitin na kusa da shi, shi ma na kusa da shi daga wani aka kwafo. Da aka bi sawu, kusan ofis ɗin gaba ɗaya a inji guda yake cunkushe, ɗayan kuma da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa yana hamma. Ran da na farkon ya tsaya, kowa ya naɗe hannu, alhali ga lafiyayyen inji a gefe babu wanda ya san sunansa.

Maganin da SAP ta tanada tun a shekarun 1990 ya rataya ne a kan wata ƙaramar manhaja, sabar saƙo, wadda guda ɗaya ce tak a kowane tsari. Asalin aikinta haɗa injunan su riƙa jin juna, don haka ita ce ta san wanda ke raye da wanda ya mutu. Sai aka ɗora mata tsaron ƙofa. Mai kula da tsari ya buɗe shafin SMLG, ya ƙirƙiri rukunin shiga, ya sa masa suna, ya zuba injuna a ciki. Ma'aikaci ba ya ƙara zaɓar inji, sunan rukuni yake dannawa. Kwamfutarsa ta ƙwanƙwasa wa sabar saƙo ta mashiga mai lamba 3600 da 'yan kai, a ba ta sunan injin da ya fi sarari, sannan ta wuce kai tsaye wurinsa ta mashiga 3200 da 'yan kai. Aikin ɗan kamasho ne a tasha: ya nuna maka motar da ke lodi, daga nan ba ruwansa da tafiyarka.

Da me ake gane injin da ya fi sarari? Da abu biyu: yawan mutanen da ke cikinsa, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya amsa danni. Na biyun ya fi nauyi a ma'auni. A tsakaninmu, amsar da ta wuce daƙiƙa ɗaya a matsakaici alama ce ta a tashi a duba. Ana sabunta lissafin duk bayan minti biyar, ko bayan mutum biyar sun shiga. Sharaɗin mutum biyar ɗin yana da dalili. Da ƙarfe takwas na safe, injin da ya kwana babu kowa shi ne zakara a sauri, kuma in za a jira minti biyar cur, da jama'ar da suka shigo a tare duk kansa za a jibge su. Akwai kuma iyakar da mai kula zai iya sa wa kowane inji, ta yawan mutane ko ta lokacin amsa. Sababbin shiga sana'ar kan ɗauka katanga ce. Ba ta hana kowa shiga, darajar injin kawai take ragewa, kuma in duk injunan sun cika, haka za a tura mutum cikin wanda ya fi dama-dama.

Abin da ya fi wuyar fahimtar da shugabanni shi ne, sau ɗaya ake yin rabon. Duk abin da ma'aikaci ya buɗe, da rabin takardar da yake cikewa, a ƙwaƙwalwar injin da ya karɓe shi suke zaune, saboda haka ba a ɗaga shi a mayar wani wuri. Sau da yawa babban akawu kan kira ni: "Injiniya, abin nan ya yi nauyi, ka matsar da mu mana." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, sai dai yaranka su adana aikinsu, su fita, su sake shiga." Ba ya jin daɗin amsar, amma ita ce gaskiyar ginin.

A zamanin injuna masu bit 32, lokacin da ƙwaƙwalwa ke da tsada kuma manhaja ba ta iya kaiwa fiye da gigabait 4, rukunin shiga ya yi wani amfanin na daban. Kowane inji yana ajiye manhajoji da jadawalan da aka fi kira a kusa da shi, don kada ya riƙa komawa rumbu. In ka tara masu lissafin kuɗi a rukuni ɗaya, masu sayarwa a wani, kowane inji sai ya riƙe kayan mutanensa kaɗai. Haka aka yi ta yanka rukunoni sashe-sashe. Da bit 64 ya zo, ƙwaƙwalwa ta yi araha, hujjar ta yi rauni, da yawanmu muka haɗe rukunonin. Ƙa'idar da ta tsira ita ce kada a bar rukuni da inji ɗaya.

Intanet ta buɗe wata ƙofar. A 1996 Cisco ta fito da LocalDirector, a 1997 kamfanin F5 na birnin Seattle ya fito da BIG-IP, duk don raba masu ziyartar shafuka a kan injuna. A farkon shekarun 2000 SAP ta yi nata, Web Dispatcher. Shi ma wurin sabar saƙo yake karɓar jerin injuna, ya riƙa zagayawa da baƙi a kansu gwargwadon ƙarfin kowanne, ya kuma bar wata alama a burauzar mutum don ya mayar da shi inda ya faro. Sabuwar tagar Fiori ta zo a 2013, sabon tsarin S/4HANA a 2015, fuskar manhajar ta sauya sarai, amma SMLG na nan inda take.

Duk cikin wannan tarihi akwai abin da ma'aunin bai taɓa koya ba. Kawuna yake ƙirgawa, da daƙiƙun da suka riga suka wuce. A wurinsa magatakardan da zai duba farashi ɗaya ya fita, da wanda zai ja rahoton shekara guda, duk mutum ɗaya-ɗaya ne. Bai san gobe ake rufe littafin wata ba. Bai san ranar Juma'a ofis kan watse da azahar, a dawo daga masallaci a auka wa tsarin lokaci guda ba, ko cewa da azumi aikin yini duk kafin la'asar ake so a gama shi. Mai kula da tsari ne ya san waɗannan, shi ne zai janye manyan ayyukan bayan fage daga injin da jama'a za su cika, ya ware wa masu albashi wuri kafin ranarsu.

SAP ta sanar cewa kulawar da ta saba ba tsohuwar manhajarta ECC za ta ƙare a 2027, ko 2030 ga mai ƙarin biya, kuma kamfanoni da dama suna miƙa tsarinsu ga masu ba da hayar injuna a wasu ƙasashe. Wanda zai riƙe ƙofar a can zai iya ƙwarewa a SMLG fiye da ni, amma ba a ofis ɗinku yake shan shayi ba. Duk kamfanin da zai yi wannan ƙaura, shawarata gare shi ita ce ya sa a rubuta kalandar aikinsa, da ranakun rufe littafi, da na biyan albashi, da sa'o'in cunkoso, a haɗa cikin yarjejeniyar kafin a sa hannu.