Giyar Atomatik da Jan Tirela: Dogon Yaƙi da Zafi

A garejin gyaran giya a Amurka, hanci ne ke fara aiki kafin sifana. A zaro sandar awon mai, a goga a farin ƙyalle, a sansana. In man ja ne garau, da sauran magana. In ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna, to aikin gama ya gama, saura a gaya wa mai mota nawa zai biya. Mu da muke cin abinci da giyar manyan a-kori-kura, irin su Ford F-350 da Ram 3500 da Chevrolet Silverado HD, waɗanda ake ɗaura wa tirelar shanu ko ta dawaki ko motar tonon ƙasa sukutum, mun san ba nauyi ne ke fara kashe giya ba. Zafi ne. Duk wani sauyi da aka yi a sana'ar nan, in ka bi diddiginsa, wajen zafi zai kai ka.

Kamfanin General Motors ne ya fito da giyar atomatik ta Hydra-Matic a motocin Oldsmobile ƙirar 1940, har aka saka ta a tankokin yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma giyoyin da tsofaffin sana'a ke ambata da girmamawa guda uku ne: TorqueFlite 727 ta Chrysler a 1962, da Turbo-Hydramatic 400 ta General Motors a 1964, da C6 ta Ford a 1966. Kowacce giya uku gare ta, babu kwamfuta, matsin mai ne kawai ke yanke hukuncin lokacin da za a sauya. Dattijon da ya koya mini aiki yakan harhaɗa 727 yana hira, ba ya ko kallon hannunsa.

Aibinsu ɗaya ne, kuma yana cikin kwanbata, wannan ƙaton ƙarfe mai kama da kabewa da ke tsakanin inji da giya. A cikinta akwai fanka biyu suna fuskantar juna, inji na juya ɗaya, ita kuma tana watsa mai yana juya ɗayar. Ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Wannan ne ya sa atomatik ke tashi da kaya mai nauyi cikin lallami, ba fizga, ba ƙona kulochi. Sai dai fanka ta biyu ba ta taɓa kamo ta farko a gudu, kuma duk abin da ya zurare a tsakaninsu zafi yake komawa, ya shiga mai. Mota ba kaya, ba a ji. Ɗaura mata tirela ka kama hawa, man da ya kamata ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 95 sai ya haura 120, ya fara dahuwa, robobin ciki su ƙage, faiba ta fara santsi. Shi ya sa a wancan zamani duk mai jan kaya na gaske giyar hannu yake saya, wanda kuwa ya nace wa atomatik sai ya ƙara ɗan lagireton mai a gaban na ruwa.

(Wani abin da yaran yanzu ba sa yarda in an faɗa musu: har farkon shekarun 1970 ana zuba man kifin whale a cikin man giya, don yana jure zafi. Da doka ta hana, sai da masu haɗa mai suka sha wahala kafin su sami madadinsa.)

Takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka saka a 1973 shi ya tayar da kowa daga barci. A 1975 gwamnatin Amurka ta kafa wa kamfanoni dokar rage shan mai, sai dabaru biyu suka shigo. Ta farko, a saka kulochi a cikin kwanbata, wanda in mota ta miƙe hanya zai manne fankokin nan biyu su zama abu ɗaya. Chrysler ta fara haka a 1978. Ta biyu, a ƙara giya ta huɗu, giyar gudu, wadda ke barin inji ya huta a kan babban titi. Ford ta ɗora wannan a kan ƙashin C6 ta fitar da E4OD a 1989, General Motors ta yi wa 400 haka ta fitar da 4L80E a 1991, dukansu da kwamfuta.

A daidai wannan lokaci kuma injin dizal ya shigo da ƙarfinsa, kuma a nan ne sana'armu ta yi kasuwa. A 1989 Dodge ta saka injin Cummins mai lita 5.9 a cikin a-kori-kura, injin da asalinsa na manyan motoci ne da injinan gona, ta haɗa shi da tsohuwar 727. Dizal ba kamar fetur ba ne, tun yana ƙasa-ƙasa yake sakin ƙarfin murɗawarsa gaba ɗaya, lokacin da famfon giya bai gama tara matsin da zai riƙe faiba ba. Kamfanin da kansa ya san haka, shi ya sa yake rage wa injin ƙarfi in da atomatik za a sayar. A 1996, mai giyar hannu yana da ƙarfin doki 215, mai atomatik 180, alhali inji ɗaya ne. Wato inji ya yi gaba, giya na biye tana haki.

Wanda ya yi aiki a shekarun nan ya san irin motar da ake jawowa. Direba ya kama doguwar hawa da tirela, ya bar giyar gudu a kunne, giya ta yi ta kai-komo tsakanin uku da huɗu, kulochin kwanbata na kamawa yana saki, har mai ya tafasa ya fito ta bututun numfashi. In ka kwance farantin ƙasa sai ka tarar da baƙin gari kwance kamar kwalli, maganaɗisun ciki ya yi gashi da ɓarɓashin ƙarfe. Ƙa'idar da muke nanata wa mutane ba ta da wuya: in kana ja, danna maɓallin nan ka kashe giya ta huɗu. Giyoyin Dodge na lokacin, 47RH da 47RE har zuwa 48RE ta 2003, suna da halinsu na gado daga 727. Sai an riƙa ɗaure musu bel na ciki lokaci-lokaci, kuma ba a auna mansu a P, sai a N, inji na aiki, mota ta yi zafi. Bakaniken da bai san wannan ba zai ga mai ya cika a sanda alhali bai kai ba. Ga kuma masu zuwa a ƙara wa inji wuta da na'ura, su manta giya ba ta ƙaru da komai ba. Waɗannan su ne suka gina wa masu gareji da yawa gidaje.

A ganina, shekarar da al'amari ya juya ita ce 2001, da General Motors ta haɗa injin Duramax da giyar Allison 1000. Allison, wanda ke birnin Indiyanafolis, ya daɗe yana yi wa bas-bas da motocin soja da na kwasar shara giya, don haka wannan karon daga babbar mota aka sauko da giya, ba daga ƙarama aka hauro da ita ba. Giya biyar ce, ta koma shida a 2006. Tana da filta a waje da ake murɗewa da hannu kamar ta baƙin mai, da ɗan zoben maganaɗisu a bayanta wanda ake gogewa a mayar. Sau da yawa yaro ya jefar da shi tare da tsohuwar filta in ba a lura ba. Abin da ya fi burge direbobi shi ne yadda take sauko da giya da kanta a gangara in an taɓa birki, inji ya riƙe kaya, birki ya huta. Ford ta mayar da martani da TorqShift a 2003, Dodge da 68RFE a 2007, sannan Ram, wato a-kori-kuran Dodge a sabon suna, ta ɗauko ta Aisin daga Japan a 2013.

Daga nan sai reshe ya juye da mujiya. A 2018, shekarar ƙarshe da Ram ta sayar da giyar hannu, ita ce aka rage wa ƙarfi: murɗawa 660 a ma'aunin Amurkawa, ta Aisin kuwa 930. Ford da General Motors sun riga sun daina tun kafin nan. A 2020 su biyun suka koma giya goma, kuma a 2023 injin Ford mafi ƙarfi ya kai 1,200, ninki uku na Cummins ɗin 1989, da izinin jan kusan tan 18.

Hatta yawan kayan da ake rubuta wa mota yanzu da zafi ake auna shi. Da can kowane kamfani faɗin abin da ya ga dama yake yi, har aka amince da gwaji ɗaya mai suna J2807. A ciki akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona, kimanin kilomita 18, da cikakken kaya, na'urar sanyaya ɗaki a ƙure, zafin gari bai gaza digiri 38 ba. Motar da ta kunna fitilar gargaɗi ta faɗi.

Aikinmu ma ya sauya. Yau kafin ka kwance ƙusa ɗaya sai ka jona kwamfuta ka karanta, domin rabin abin da ake kira lalacewar giya wata 'yar na'urar awo ce ko waya da ta goge. Giyar tana koyon yadda faibarta ta cinye tana gyara matsi, don haka bayan gyara dole a share mata tsohon karatu ta sake sabo. Mai kuwa ya rarrabu: Dexron VI daban, ATF+4 daban, Mercon LV daban, Mercon ULV na giya goma kuma ya fi su duka tsinkewa. Launinsu na iya zama ɗaya, aikinsu ba ɗaya ba.

Wannan ne ya sa nake jin tsoro in na ga irin motocin nan a jirgi za su Legas ko Kwatano. Digiri 38 da Amurkawa ke ɗauka a matsayin jarrabawa, a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu ya fi haka tun kafin azahar, kuma a kasuwa kowane jan mai sunansa man giya. Wanda ya sayi irinta don jan kaya, ya nemi sunan man da aka rubuta mata ya tsaya a kansa ko da tsada. Ya danna maɓallin jan kaya kafin ya kama Hawan Kibo, ya sa ido a kan gejin zafin giya. In ya ga yana haurawa ya sauka gefe, ya bar inji na aiki har ya sauko, kada ya kashe. Ya rage tazarar juyen mai da filta bisa jadawalin aiki mai tsanani da ke cikin littafin motar. In kuma ta mutu a hanya za a ja ta da sarƙa, a cire farfela tukuna, domin inji a kashe famfon giya ba ya ba da mai.